Rumbun Irin Marmaro

Ku gyara zama, ku bar wa masu zuwa gefen tabarma. Wanda ya san zai yi gyangyaɗi ya tashi tun yanzu, don labarin nan ba a jin rabinsa, kuma in na kai ƙarshe sai kowa ya faɗi nasa. Labarin Sarki Yahuza ne, wanda ya kafa ƙasar Marmaro. Kada wani ya tambaye ni inda take. Ni ma ban taka ta da ƙafata ba, a bakin kakana na same ta.

Yahuza ba ɗan sarauta ba ne. Malami ne mai tufkar igiya a Birnin Tsauni, ƙarƙashin wani azzalumin sarki da ake kira Kandarki. Wannan Kandarki ya hana ladan ɗaga murya wai yana katse masa barcin rana, kuma duk gonar da ta yi kyau tasa ce. Da abin ya ishi Yahuza, sai ya naɗe buzunsa ya ce shi hijira zai yi. Bai kira kowa ba. Amma da ya waiwaya a bayan gari sai ya ga gida ɗari uku biye da shi, manoma da maƙera da makiyaya da masaƙa, mutanen da a da ko ƙwarya ɗaya ba sa haɗawa.

Kwana arba'in suka yi cikin rairayi. Ran na arba'in, salkunan ruwa sun bushe, suka sauka gindin wani dutse, Yahuza ya yi taimama ya ja su sallar la'asar. Da ya sallame ya juyo sai na bayansa suka ga danshi a goshinsa. Aka tona wurin sujadarsa da hannu, ko kamu biyu ba a yi ba ruwa ya ɓulɓulo, fari tas. Wasu sun ce karama ce, wasu sun ce idon mai lura ne ya zaɓi wurin. Ni dai duk sanda na zo nan sai tsigar jikina ta tashi, don ko wanne ne Allah ne ya ba shi.

A nan suka kafa gari, suka ce shi ne sarki. Ya ƙi, suka nace, daga ƙarshe ya karɓa bisa sharaɗi biyu. Na farko shi ne rumbun iri. Duk kaka, kowane gida zai zaɓo zangarniyar da ta fi kyau a gonarsa, dami guda, a zuba a wani babban rumbu da aka gina a gefen masallaci. A liƙe bakinsa da laka, Sarki ya danna tafin hannunsa a kai tun tana ɗanya. Ba mai taɓa abin da ke ciki sai ruwan shuka ya sauka. Wanda ya taɓa kafin nan, ko wane ne shi, ya bar ƙasar har abada. Wani maƙeri mai tsaurin ido ya tambaye shi ko har da shi kansa, ya ce da shi za a fara.

Sharaɗi na biyu kuwa, ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai ci abin da ya fi na mafi talaucin gida a ƙasarsa ba. Kullum a duba tukunyar da ta fi kowace ƙaranci, abin da mutum ɗaya ya samu a cikinta shi za a auna wa Sarki. Mutane suka yi ta murmushi, don a shekarar ƙoshi aka yi rantsuwar, matalaucin Marmaro ma da man shanu yake cin tuwo. Sun manta magana zarar bunu ce.

Shekara shida ƙasa na bunƙasa. Ƙauyuka suka tsiro, ayari ya fara biyowa, makiyayi da manomi suka riƙa kawo ƙararsu gabansa su tashi suna dariya. Amma ku riƙe wannan: ba ganuwa ce ta riƙe Marmaro ba, mutum ɗaya ne. Kowa ya san ranar da aka rasa Yahuza kafin itacen ya yi saiwa, gida ɗari ukun nan za su watse kamar an jefa dutse cikin kaji.

A shekara ta bakwai, gero ya fitar da kai, ana wasa lauje, sai farin dango suka taso daga gabas suka rufe rana. Kwana biyu suka yi, suka bar kara tsaye tsirara. 'Yan gonakin kwari da suka tsira, Sarki ya sa aka fara cika rumbun iri da su, aka liƙe, ya danna hannunsa. Sauran aka raba. Kafin bazara ta tsaya, rumbunan gidaje sun koma wurin kwanan ɓeraye, ɓerayen ma an cinye su. Abin da ake auna wa Sarki ya sauko daga malmala zuwa ludayin kunu, daga ludayi zuwa ruwan dusa. Mutumin da a da yake ɗaga jinka da ƙarti biyu, ya zama sai an riƙe shi yake miƙewa salla.

Malamai suka taru suka same shi, suka karanto masa cewa rantsuwa tana da kaffara, ya yi azumi uku in ya warke, ya ci abinci ya tsira da ransa don jama'a. Ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, “Na sani, Allah zai karɓi kaffarata. Amma matar da ɗanta ya kwana bai ci ba, da wace fuska zan ce mata ta yi haƙuri, alhali bakina na ƙanshin tuwo?” Suka tashi suka tafi. Ta tabbata Sarki mutuwa zai yi, kuma ba mai iya sa masa loma a baki.

To, a nan mutum uku suka shigo labarin.

Ta farko Gwamma ce, 'yar mafarauci, wadda mijinta ya rasu a hanyar hijira, ita ce kuma ke dafa wa Sarki abinci. Da farko wayo ta so yi masa. Ta samo ɗan curin fura ta ɓoye a ƙarƙashin ganye a ƙwaryarsa, ya tono shi da yatsa, ya ce a kai gidan da aka auno abincin. Ta koma madafa ta yi kukanta ta share hawaye. Sai ta gane ba a ciyar da wannan mutum ta bakinsa, sai ta bakin talakansa. In ana so ludayinsa ya zama biyu, sai ludayin kowane gida a ƙasar ya zama biyu, har na bukkar ƙarshe.

Ta tara matan gari ta shige daji da su, ta buɗe musu abin da ubanta ya koya mata. Ta nuna musu yadda ake tona gidan tururuwa a kwashe tsabar da suka tara, yadda ake sussuka ƙarangiya a fitar da ƙwayarta, yadda ake jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Da abin da ta sani ya ƙare, suka koma kan saiwoyin da ba wanda ya taɓa ci. Ta kafa doka cewa ba mai kai sabon abu bakinsa sai ita ta ci ta wuni ta kwana. Takwas ta ɗanɗana ta tashi lafiya. Na tara wani rogon daji ne, ta ci, washegari ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, kuma ba su sake ɗaukarta ba har ta bar duniya. A kan tabarma aka riƙa kai ta daji tana nuni da sanda. Da wannan aikin ludayin Sarki ya koma biyu, ya ja rai wata biyu cur.

Na biyu Madugu Barmo ne, wanda ya ja mutane ta cikin rairayi ranar hijira, ta hanyar da shi kaɗai ya sani. Ya duba ya ga daji ma yana da iyaka, kuma duk faɗin yankin wuri ɗaya ne fara ba ta sauka ba, Birnin Tsauni. Kowa ya san Kandarki ya yi alwashi a kan Barmo. Abokansa suka ce masa wannan ai kai wuya ne gidan mahauci. Ya ce ya ji, ya ɗaure raƙuma sittin da suka rage a ƙasar, ya ɗauki mutum goma, ya koma inda ya rantse ba zai sake takawa ba.

Ya faɗi gaban Kandarki ya roƙi hatsi. Kandarki ya dube shi ya ce, “Idanun nan ne suka nuna wa mutanena hanyar gudu. Ka bar mini su a nan, ka ɗauki abin da raƙumanka za su iya ɗauka.” Dabararsa ita ce ayarin da ba shi da ido ba zai fita daga rairayi ba, hatsi da mutane duk su halaka a hanya. Barmo ya gane sarai. Abu ɗaya ya roƙa, a fara ɗaura kaya tukuna. Ya bi taiki ɗaya ɗaya yana duba ɗauri, ya fita ƙofar gari ya daɗe yana kallon hanya, sannan ya dawo ya zauna ya ce su yi abin da za su yi.

Ku ji ikon Allah. Aka ɗora shi kan raƙumin gaba, fuska ɗaure da tsumma. Duk inda suka tsaya sai ya ce a miƙo masa ƙasa cikin tafin hannu, ya murza, ya sansana, ya ce a karkata dama ko a miƙe. In sun sami rijiya ya kurɓi ruwan ya faɗi sunanta da kwanakin da suka rage. Mutum goman nan sun rantse ko zango ɗaya bai ɓata ba. Amma hanya doguwa ce, raƙuma ramammu ne, kuma a Marmaro ba wanda ya san ko yana raye.

Na uku Cindo ne, Sarkin Noma, mai kula da rumbun iri, mutum mai ƙarancin magana wanda ake tsokana da cewa da gero ya fi hira. Shi ba daji ya duba ba, ba hanya ba, fuskar Sarki ya duba. Lokacin daji ya ƙare, an fara fita da gawa, yawanci ta yara. Cindo ya lura duk sanda aka wuce da makara sai idon Sarki ya koma kan rumbu. Ya san zuciyar ubangidansa. Yahuza zai jure yunwarsa har kabari, amma ba zai jure ta yara ba. Yau ko gobe zai ce a fasa a ci. Irin kuwa, in an raba, kwana tara zai ciyar da gari, daga nan ba shuka, ba kaka, ba Marmaro. Kuma Sarki da bakinsa ya ce da shi za a fara.

Cindo ya ga shamuwa ta iso, ya ga gawo ya fara zubar da ganye, ya san ruwa na kusa, sai dai bai san ranar ba. Manoma suna da wata dabara da ake kira binne, wato a shuka iri a busasshiyar ƙasa ya kwanta yana jiran ruwa. Caca ce, don in yayyafi ya taɓa shi ya ɗauke, iri ya ruɓe ke nan. Da aka yi shelar fita sallar roƙon ruwa kwana uku a jere, gari duka ya nufi filin yamma, Cindo ya tsaya da manoma arba'in da ya amince da su. Ya shiga ƙarƙashin rumbu ya huda gindinsa, ya bar hannun Sarki a kan laka yadda yake. Suka yi gabas da sungumi. Kwana ukun nan jama'a na ɗaga hannu sama, su suna duƙe suna binne iri, mai sara na sara, mai zubawa na take rami da diddige. Ya ce da mutanensa in an tambaya su ce shi ya tilasta su.

Ran na huɗu abin da ya hango ya faru. Aka ɗauko Sarki a kan gado aka ajiye shi gindin rumbu, muryarsa da ƙyar take fita. Ya ce, “A fasa, a raba wa masu yara. Na san hukuncina. In an ci, ku ɗora ni a jaki ku fitar da ni.” Jama'a suka fashe da kuka, amma ba wanda ya ce a'a, yunwa ba ta bar wa kowa kunya ba. Aka hau aka fasa laka. Wanda ya leƙa ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce ba komai ciki sai ƙaiƙayi.

Cindo ya fito tsakiyar fili ya ce shi ne, iri yana cikin ƙasa. Ba don Sarki ya ɗaga hannu ba da a nan aka kashe shi. Wasu suka ruga gona suna tono da farce, amma ƙwaya uku uku a rami, wa za ta ƙosar? Ba zan ɓoye muku ba, kwana shida aka yi sama ba ko gizagizai. A kwana shidan nan an binne mutum goma sha bakwai waɗanda da an dafa irin nan wataƙila da sun kai. Cikinsu har da mahaifiyar Cindo. Shi ya haƙa kabarinta shi kaɗai, don ba wanda ya yarda ya kama masa.

Ran na bakwai da hantsi gabas ta yi baƙi, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, har azahar. Da ya ɗauke, sai aka ga abin da ba wanda ya lissafa: duk garin ba namiji ashirin da ke iya ɗaga sungumi. Da irin yana rumbu, ko da ba a ci shi ba, da danshin ya wuce kafin a shuka rabin gona. Amma yana cikin ƙasa. Cikin kwana uku gabashin Marmaro ya yi kore shar, tsofaffi suka riƙa jan jiki zuwa bakin gona suna kallo suna salati.

Kwana huɗu bayan haka aka ji kukan raƙuma, ayari ya shigo da makaho a gaba. Lokacin Sarki ko kai ba ya iya ɗagawa. Aka dama kunu aka kawo masa, ya datse haƙora. Sai da aka ɗauki Gwamma a tabarmarta aka zaga da ita gida gida, ta dawo ta ce masa ta gani da idonta bukkar ƙarshe ta sha, sannan ya buɗe baki. Hatsin Barmo shi ya riƙe gari har gero ya nuna, ranar da aka share taikin ƙarshe ranar aka gasa tumun farko.

Saura hukunci. Da Sarki ya iya zama, alƙali ya ce doka a fili take, Cindo ya taɓa iri kafin ruwa. Shi kuwa Sarki ya yi umarni a fasa, amma rumbun da ya fasa ba iri a ciki, don haka ba abin da ya hau kansa. Yahuza ya yi kuka a gaban jama'a, ya ce shi ya kafa dokar, shi zai ɗage ta. Cindo ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, in ka ɗage ta saboda ni, baɗi wani zai fasa saboda cikinsa, ya ce ai an yi wa Cindo. Ka bar ta.” Ya sallami 'ya'yansa ya ce su zauna, ya rataya fartanya ya tsallake rafin da ke iyakar ƙasar, ya kafa bukka a kan wani tudu. Daga can yana hango gonakin, amma geron da ya binne ko ƙwaya ɗaya bai taɓa shiga bakinsa ba.

Yahuza ya ƙara shekara ashirin da biyu a kan mulki. A cikinsu ne aka yi ganuwa, aka yi makarantu, 'ya'yan makiyaya da na manoma suka auri juna har aka daina tambayar wane daga wane gida ya fito. Allah bai ba shi ɗan da ya rayu ba. Da ciwon ajali ya kama shi, dattawa suka tambaye shi gidan da za a ajiye sarauta. Ya ce shekarun nan ashirin da biyu ba nasa ba ne, mutum uku ne suka ba shi, don haka sarauta ta gidan ɗayansu ce. Ya sa aka ɗauke shi zuwa bakin rafin iyaka, tunda Cindo ba shi da ikon tsallakowa. Aka kawo Gwamma a tabarma, aka jawo Barmo da sanda, Cindo ya sauko ya tsaya a wancan gefen ruwa, gemu fari fat. Duk ƙasar ta taru.

Sarki ya dubi wannan, ya dubi wancan. Sannan ya ce, “Shekara ashirin da biyu ina auna ku, ma'aunina bai rinjaya ba. Ku gafarce ni.” Ya yi kalmar shahada, ya cika a wurin, ya bar dattawa da aiki.

Masu goyon bayan Gwamma suka ce ba don wata biyun da ta saya da ƙafafunta ba, da ayari da ruwa duk gawa za su tarar, kuma ita kaɗai ce ta ceci Sarki ba tare da ta roƙi azzalumi ko ta karya doka ba. Masu goyon bayan Barmo suka ce dajin Gwamma ya ƙare, geron Cindo kuma ganye ne a lokacin, ba a cin tsiro. Shi Barmo ya san abin da za a yi masa, ya zauna da kansa aka yi, sannan ya kawo abincin cikin duhu. Masu goyon bayan Cindo suka ce hatsin Barmo na wata uku ne, nasa shi ake ci har yau, kuma korar da ta hau kansa ta Sarki ce ya ɗauka. Sai wasu suka miƙe suka ce a tuna da mutum goma sha bakwai, a tuna kuma da ruwa ya ƙara kwana goma da ba wanda zai kira abin da Cindo ya yi hikima. Aka amsa musu da cewa cikin sha bakwai ɗin akwai wadda ta haife shi, kuma bai taɓa neman a yafe masa ba.

Ga gurguwa a tabarma, ga makaho da sanda, ga korarre a tsallaken ruwa, ga gawar Sarki a tsakaninsu ba a rufe ba, rawani kuma ɗaya ne. To, ku da kuke zaune nan da ƙafafunku da idanunku, a cikin garinku, ku faɗa mini: gidan wa ya fi cancanta a kai rawanin nan?